Gem ɗin nan mai kaset da bindigar harbin agwagi

Tambaya: Malam don Allah gem ɗin nan da muka buga muna yara, mai kaset ruwan ɗorawa da Mario da bindigar harbin agwagi, daga ina asalinsa? Na tono nawa a ɗakin Hajiya na jona da filasma, Mario na yi amma bindigar ta ƙi sam, ko ta mutu ne?

Amsa: Ɗan'uwa da wuya in bindigarka ce ta mutu, amma bari mu faro daga tushe. Asalinsa na kamfanin Nintendo ne na Japan, sunansa Famicom, ya fito ranar 15 ga Yuli 1983, injiniya Masayuki Uemura ya jagoranci ƙera shi, sai a 1985 aka sauya masa riga aka kai shi Amurka da sunan NES. Wanda ya zo hannun yawancinmu kam jabu ne daga Taiwan da China, shi ya sa za ka ga kaset an rubuta wasa 9999 kana kunnawa ka tarar 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sabon suna.

In ka ji abin da ke cikinsa sai ka yi dariya. Ƙwaƙwalwar na asalin kamfanin Ricoh ne ya yi ta, gudunta megahaz 1.79 kacal, RAM, wato ma'ajiyar da yake riƙe bayanai yayin aiki, kilobait 2, Super Mario Bros gaba ɗayansa kilobait 40 ne, ko hoto ɗaya na wayarka ya ninka shi sau da yawa. Saboda wannan matsi ne gajimare da ciyayin da ke cikin Mario zane ɗaya ne, kala kawai aka canza, je ka duba ka gani. Kuma abubuwa masu motsi 64 yake iya riƙewa amma 8 kawai a layi ɗaya, in sun wuce haka sai ka ga suna ƙyaftawa, mu da muna cewa kaset ne ya yi datti mu cire mu yi ta hura masa iska.

To bindigar. Ba ta harba komai fa, ido ne a bakinta mai jin haske. Kana danna kunama allon zai yi baƙi na ɗan ƙiftawa, sai farin akwati ya fito daidai inda agwagwar take, in idon ya ga duhu sannan ya ga fari to ka samu. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya tana nuna hoto nan take, ita kuwa filasma sai ta ɗan sarrafa shi tukuna, kafin farin ya fito gem ɗin ya riga ya gama dubawa ya ce ka kuskure, karen nan na cikin wasan ya fito yana maka dariya. Ka leƙa wurin masu gyaran rediyo ka samo tsohuwar talabijin ko 'yar inci 14 ce, ka jona ka gwada.