Me Ya Sa Haƙƙoƙin Jama'a Suka Zo Daga Baya a Tsarin Mulkin Amurka?

Tambaya: Na ji an ce 'yancin addini da 'yancin faɗin albarkacin baki ba sa cikin ainihin kundin tsarin mulkin Amurka na 1787, sai daga baya aka ƙara su. Mantawa aka yi, ko kuwa da gangan ne?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne, kuma da gangan aka yi. Wakilai 55 da suka halarci taron birnin Filadelfiya daga Mayu zuwa Satumba 1787 sun je ne da wata damuwa dabam. Gwamnatin haɗaka da suke da ita tun 1781 ba ta da ikon sanya haraji, bashin yaƙin neman 'yanci ya yi mata katutu, ga kuma boren manoman Massachusetts na 1786 da Daniel Shays ya jagoranta, wanda ya tayar da hankalin masu dukiya. Don haka hankalinsu ya tafi ga yadda za a ƙarfafa gwamnatin tarayya.

A ranar 12 ga Satumba, saura kwana 5 a sa hannu, George Mason na jihar Birjiniya, wanda shi ya rubuta sanarwar haƙƙoƙin jiharsa a 1776, ya nemi a sanya wa kundin irinta. Aka kaɗa ƙuri'a jiha-jiha, ba a sami ko ɗaya da ta goyi baya ba. Mason ya ƙi sa hannu, haka ma Elbridge Gerry da Edmund Randolph.

Hujjar masu goyon bayan kundin tana da ƙarfi, kuma Alexander Hamilton ne ya fi kowa fito da ita fili. A ganinsa gwamnatin tarayya ba ta da wani iko sai wanda aka lissafa mata, saboda haka babu dalilin hana ta tauye 'yancin jarida alhali ba a ba ta iko a kan jarida ba tun farko. Ya ƙara da cewa lissafa haƙƙoƙin yana da haɗari, domin wata rana mai mulki zai iya cewa duk haƙƙin da ba a ambata ba, to, babu shi.

Jama'a ba su gamsu ba, kuma ni a ganina suna da gaskiya, domin mutanen da suka ɗanɗana mulkin Ingila ba za su yarda da alkawarin baka ba. Sun ga jami'an kwastan na sarki suna shiga shaguna da gidaje da takardar bincike wadda ba ta ambaci sunan kowa ko wani wuri ba, sun kuma ga an tilasta wa garuruwansu ba sojoji masauki. Da yake sai jihohi 9 cikin 13 sun amince kundin zai fara aiki, 'yan adawa suka samu makama. Massachusetts ta amince da ƙuri'a 187 da 168 a Fabrairu 1788, bayan an yarda za ta aika da shawarwarin gyara. Birjiniya ta wuce da 89 da 79, New York kuwa da 30 da 27.

James Madison, ɗaya daga cikin manyan waɗanda suka tsara kundin, wanda da farko ya ɗauki irin wannan lissafi a matsayin shingen takarda da ba zai tare rinjayen masu yawa ba, shi ne ya ƙare da ɗaukar nauyin aikin. Thomas Jefferson, jakadan Amurka a Faransa a lokacin, ya riƙa matsa masa ta wasiƙa daga can, sannan a takarar majalisar wakilai da ya kara da James Monroe ya yi wa masu zaɓe alkawarin zai nemi a ƙara haƙƙoƙin a kundin. Ya gabatar da gyare-gyaren ranar 8 ga Yuni 1789, majalisa ta aika wa jihohi guda 12, aka tabbatar da 10 ranar 15 ga Disamba 1791. Gyara na tara ya amsa fargabar Hamilton kai tsaye, inda ya ce lissafa wasu haƙƙoƙi ba ya soke sauran da ke hannun jama'a. Ɗaya daga cikin biyun da suka maƙale, wanda ya shafi albashin 'yan majalisa, sai a 1992 ya samu shiga.

Sai dai ya kamata ka san iyakar wannan nasara. Gwamnatin tarayya kaɗai gyare-gyaren suka ɗaure wa hannu, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1833 a shari'ar Barron da birnin Baltimore. Madison ya so a hana jihohi ma taɓa 'yancin addini da na jarida, amma majalisar dattawa ta cire wannan sashe. Bayi kusan 700,000 da aka ƙidaya a 1790 kuwa ko ɗaya daga cikin waɗannan haƙƙoƙi bai kai gare su ba. Sai bayan yaƙin basasa aka soke bauta a 1865, aka kuma yi gyara na 14 a 1868, wanda da shi ne kotu ta dogara a ƙarni na 20 ta riƙa ɗora haƙƙoƙin a kan jihohi ɗaya bayan ɗaya.