Amsa: Shin sikanin yana cutar da jaririn da ke ciki?

'Yar uwa, kin ce surukarki ta hana ki zuwa sikanin wai haskensa yana ƙona jariri. Ki kwantar da hankalinki, na'urar ba ta amfani da haske irin na hoton ƙashi. Sauti take turawa cikin jiki, irin wanda kunne ba ya iya ji, idan ya bugi wani abu ya dawo sai ta haɗa hoto da shi. Man da ake shafa miki a ciki kuwa, don kada iska ta shiga tsakanin fata da na'urar ne.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa mai ciki sikanin sau ɗaya kafin mako 24. Da shi ake gane ko tagwaye ne, inda mabiyiya ta kwanta, da ainihin watannin cikin. Wajen mako 18 zuwa 22 aka fi ganin gaɓoɓin jaririn sosai. Abin da ba na so shi ne masu zarya kullum don kawai a gaya musu namiji ne ko mace. Idan ƙaramin ciki ne, masu sikanin za su ce ki sha ruwa ki riƙe fitsari kafin a duba ki.