Tambayoyin Manoma: Ina Kuɗin Tallafin Suke Shiga?

Tambaya daga wani mai noman albasa a karkarar Madawa: Ana ta cewa gwamnati na tallafa wa manoma ta asusun FISAN, amma ban ga wanda aka ƙirga wa kuɗi a hannu ba. Ina son injin ban ruwa da rijiya. Ta ina zan faro?

Amsa: Malam, ba za ka gani ba, domin ba rabon kuɗi ba ne. An kafa FISAN, asusun gwamnatin Nijar na zuba jari don wadatar abinci, a 2017, kuma tallafinsa a ɗaure yake da bashin banki. Tsarin da aka fi sani shi ne manomi ya kawo kashi 10 cikin ɗari, tallafi ya ɗauki 40, banki ko asusun lamuni ya ranta 50. A ce rijiya da inji da bututu sun tashi miliyan 1 na sefa. Naka jaka 100 ne, tallafi jaka 400, bashi jaka 500, kuma shi za ka biya da ruwansa. Galibi kuɗin na tafiya kai tsaye wurin mai haƙa rijiya da mai sayar da inji.

Fara da takardar gona. Nan ne yawancin buƙatu ke maƙalewa. Gonar gado ce, kowa a gari ya sani, amma banki ba ya aiki da "kowa ya sani". Je wurin hukumar filaye ta COFO ta garinku ko ta gunduma, tare da maigari da shaidu, a ba ka takardar shaidar mallaka. Idan gonar aro ce ko haya, a rubuta yarjejeniya da adadin shekaru. Daga nan sai takardar farashi daga masu kaya, da lissafin abin da fili zai bayar. Malaman gona da ofishin CRA, wato majalisar manoma ta jihar Tahoua, suna taimakawa wajen haɗa wannan.

Abin da ya fi damun mu shi ne lokacin biya. Albasa na fitowa a Maris da Afrilu, sa'ad da kasuwar Galmi ke cike maƙil, farashi a ƙasa. Wanda wa'adinsa ya faɗo a nan dole ya karyar da kaya. Kafin ka sa hannu, nemi a tura biyan gaba da 'yan watanni, ka adana albasa a rudu mai shan iska. Kuma ka kai takardu tun damina. Injin da ya iso bayan dashe bai ceci shekara ba, ga bashi yana tafiya.

Tambaya daga wata mai karatu a Bouza: Buhu ɗaya na takin tallafi muka samu. Zai ishe mu gonar hatsi?

Amsa: Hajiya, idan aka watsa, ba zai je ko'ina ba. A sa shi rami-rami lokacin shuka: giram 6 na NPK 15-15-15 a kowane rami, ko giram 2 na DAP. A ramuka 10.000 na hekta guda, kilo 60 ke nan na NPK, ko kilo 20 na DAP. Buhun NPK mai kilo 50 zai kusa rufe hekta. A jira ƙasa ta jiƙa sosai, kada takin ya ƙone iri, a kuma haɗa da takin gida.