Kwal ba ya ruɓewa, to ina asarar tara shi?

Tambaya: Na ji an ce hukumar kwal ta gwamnatin Birtaniya ta yi asara saboda tara kwal ɗin da ba a saya ba. Kwal ai ba tumatir ba ne. Idan an ajiye shi, ta ina asara ke shigowa?

Amsa: Asarar tana farawa tun kafin kwal ya taɓa ƙasa. Duk tan ɗin da aka fito da shi, an riga an biya albashin mahaƙa, an biya wuta da injina. Idan babu mai saye, kuɗin sun kwanta, kuma hukumar, wadda gwamnati ta damƙa wa ramukan haƙar kwal na ƙasar a 1947, rance take ci don ta rufe giɓin. Kullum tulin na zaune, kuɗin ruwa na hawa.

Sannan kwal yana lalacewa, sannu a hankali. Iska da ruwan sama suna rage masa ƙarfin zafi, manyan dunƙule su farfashe su zama gari mai araha, wani lokaci ma tulin ya ɗau zafi daga ciki ya kama wuta da kansa. Ga kuɗin fili, ga na jibgewa da sake kwashewa. Ranar da za a sayar, sai an karya farashi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda asarar ke ɓuya. A littafin lissafi, tulin kwal kadara ce, don haka shugabanni na iya cewa ba a yi asara ba, kaya ne a ajiye. Haka aka yi bayan 1957, lokacin da mai ya yi araha, jiragen ƙasa suka fara komawa dizal, dokar tsaftace iska ta 1956 kuma ta rage ƙona kwal a gidaje. Zuwa ƙarshen 1959, kwal ɗin da ya yi kwantai a hannun hukumar ya haura tan miliyan 30. Ɗan kasuwa da tuni ya rage haƙa. Amma hukumar gwamnati ba ta iya rufe rami ba tare da tunanin ƙauyen da ke ci daga gare shi ba, kuma ban ga laifinta a wannan tausayin ba. Sai dai tarin bai ceci kowa ba: a shekarun 1960 an rufe ɗaruruwan ramuka.

Tarin farkon shekarun 1980 daban ne. Bayan gwamnatin Firayim Minista Margaret Thatcher ta janye shirin rufe ramuka 23 a 1981 don gudun yajin aiki, sai ta sa aka riƙa jibge kwal a tashoshin wutar lantarki da gangan. Da mahaƙa suka shiga yajin aiki a watan Maris na 1984, wuta ba ta ɗauke ba, suka koma aiki bayan shekara guda ba tare da biyan buƙata ba. Wancan tulin ma ya ci kuɗin ruwa kamar na baya, amma gwamnati ta san me take saye da su, kuma masu biyan haraji ne suka biya.