Baƙin Damagaram da ɗakin zaure

Ɗana, saƙonka ya iso. Kana tambaya don me mutanen Damagaram ke sauka gidanmu su yi mako biyu, ana kai musu tuwo safe da dare, ba a karɓar ko sisi. Ka ce kai asara ka gani.

Kakanka fatoma ne, da wannan sana'a aka gina gidan nan. Baƙo ya sauke kaya, mai masauki ya adana, ya nemo masa dillali a kasuwar Kurmi, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi. La'ada a cikin ciniki take fita, ba a kwanon abinci ba.

Kada ka ɗauka zaman lafiya ake yi a lokacin. Zamanin Sarkin Kano Alu, dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga sun zo har Gezawa. A 1899 Faransawa suka ci Damagaram, a 1903 Turawan Ingila suka shigo Kano, aka naɗa Abbas sarki. Daga nan Turawan biyu suka ja iyaka tsakaninsu, fatake suka wayi gari da kuɗi iri biyu da masu karɓar haraji iri biyu. Har gobe wasu tsofaffi in za su Nijar sai su ce za su Faransa.

Duk da haka Buzaye ba su fasa zuwa Fagge da gishirin Bilma da dabino ba, su koma da turkuɗin Kura. Takardar Bature ba ta san wanda ya ci bashin wani ba. Fatoma ya sani. Ko da jirgin ƙasa ya iso a 1911, ciniki ya karkata kudu wajen gyaɗa, kakanka bai rufe ɗakin baƙin ba.

Na ga abin da idona ina yaro. Wani tsoho ya zo, rawaninsa ya rine masa goshi da shuɗi, ya kwance ƙullin tsumma ya zube kuɗi gaban Baba. Bashin da ake bin mahaifin tsohon ne da ya rasu, ba rubutu, ba shaida. Baba ya ƙirga, ya mayar masa da wani abu ya ce na guzuri.

In sun zo bayan Sallah, kai za ka kai musu ruwan alwala. Ka durƙusa ka gaishe su, ka tambayi mutanen gida kafin ka tambayi kaya.