Hukuncin zubar da ragowar tuwo saboda gudun bai wa almajiri

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni matar aure ce a Kano, mu shida ne a gida. Maigida ya ce kullum a tuƙa tuwon dare da yawa saboda baƙi, kuma yawanci ba wanda ke zuwa. Da ina bai wa almajirai abin da ya rage, sai wata malama ta ce mana sadaka da ragowa haramun ce, ta kawo ayar da ta hana ciyarwa da mummuna. Tun daga nan nake zubarwa a kwata da safe, alhali lafiyarsa ƙalau. Ina da laifi?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Malama, Allah ya saka miki da kika tambaya. Hanin almubazzaranci kin san shi. Kalmarki guda ce ta yanke hukuncin: "lafiyarsa ƙalau". Da ya yi tsami har zai cutar da mai ci, da babu laifi a zubar da shi. Amma abincin da zai ciwu, zubar da shi a kwata tozarta dukiya ne, bai halatta ba. Abin da ya wuce kin yi shi ne bisa fatawar da kika yarda da ita, sai ki yi istigfari ki daina.

Maganar malamar kuwa kuskure ce. Ayar ita ce ta 267 a Suratul Baƙara. Tirmizi ya ruwaito daga Bara'u ɗan Azib cewa mutanen Madina kan rataye dabino a masallaci don Ahlus Suffa, wato talakawan sahabbai da ke zaune a masallacin, sai wasu suka riƙa kawo lalataccen da ba shi da amfani, ayar ta sauka a kansu. Kuma ita da kanta ta ba da ma'auni: abin da ku ba za ku karɓa ba sai kun runtse ido. To tuwon da za ki ɗumama da safe ku ci ke da 'ya'yanki, ina ya shiga nan? Ba a ce ragowa ba, mummuna aka ce. Idan ta kawo ayar Ali Imrana cewa ba a samun nagarta sai an ciyar daga abin da ake so, wannan bayanin mafi falala ne, bai haramta abin da ke ƙasa da shi ba. Annabi (SAW) ya ce wa mata kada maƙwabciya ta raina kyautar maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne. Ki duba ma inda fatawar ta kai ki: yaro ya wuce ƙofarki da yunwa, tuwo yana kwata.

Inda ayar take kama mutane shi ne abin da muke gani kullum: shinkafar da ta kwana biyu ta fara yauƙi, an ɗauke wuta firji ya huce, a shinshina a yamutsa fuska sannan a miƙa wa almajiri. Wannan zalunci ne, ɗan wani ne, kuma ba shi da mai kai shi asibiti. Irin wannan a bai wa kaji ko tumakin maƙwabta idan ba zai cutar da su ba, akwai lada a kan duk mai rai. Iyayenmu mata ko ƙanzo ba su zubarwa, shanya shi suke yi.

Sai maigida. Son karrama baƙo hali ne mai kyau, kada ki kushe shi. Amma ki ƙirga na wata guda dare nawa baƙi suka zo, ki nuna masa a lokacin da yake cikin nishaɗi, ba a gaban yara ba. Ki rage awo, ki bar miya da ɗan yawa. Idan baƙo ya zo, tuƙa tuwo ba ya ɗaukar dare. In maigida ya dage, ki ba da rarar tun da dare da zafinta, kada ki jira safiya. Ki fara da gidan da ke jikin katangarku, don akwai masu kwana da yunwa da kunya ke hana su faɗa.

Malamar kuma kada ki kunyata ta a aji. Ki same ta ita kaɗai, ki ce ta sake duba tafsirin ayar, domin na tabbata ba ke kaɗai kika ji maganar ba. Allah ne mafi sani.