Ku Tambayi Malam: Ɗana ya makance, dangi sun ce a ba shi ƙoƙon bara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar. Na ukun shekararsa takwas, ƙyanda ta taɓa masa ido tun yana ɗan shekara uku, yanzu ko hasken fitila da ƙyar yake gani. Yaro ne mai kai, abin da yayyensa suka karanto a Islamiyya kafin su haddace ya riga su. Dangin babansa sun ce zaman banza yake yi, a haɗa shi da ƙanensa ya yi masa jagora su riƙa shiga kasuwa ranar Juma'a, ko na sabulu ya samo. Maigidana bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ina jin labarin makafin da suka zama manyan mutane a rediyo, amma sai in ga kamar 'ya'yan masu hali ne ko na ƙasar waje. Malam, ɗan talaka irin nawa zai iya zama wani abu?
Daga wata uwa a Haɗeja.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Zai iya, kuma ba don in kwantar miki da hankali na faɗa ba. Sai dai ina roƙonki, kada ki yarda a miƙa masa ƙoƙon nan ko da na Juma'a ɗaya ne. Na daɗe ina koyarwa, na ga yadda abin yake tafiya: ranar da yaro ya fara dawowa da kuɗi a aljihu, gidan ba ya ƙara sakinsa ya tafi makaranta. Ga kuma ƙanen da za a mayar ɗan jagora. Karatun yara biyu za a kashe a tashi ɗaya.

Kafin komai, a kai shi likitan ido ya duba shi, tunda kin ce yana ɗan ganin haske. Ƙyanda takan lalata ido ne idan ta tarar da yaro da ƙarancin sinadarin bitamin A, amma ba kowane ido da ya rufe ba ne ya mutu. Akwai asibitin ido na ECWA a Kano, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. In da sauran gani za su faɗa miki yadda za a tattala shi. Kada a ɗiga masa komai a ido da sunan maganin gida.

Kin ce kamar 'ya'yan masu hali ne kawai suke kaiwa. Bari in ba ki labarin Ɗaha Husaini na Masar. An haife shi a ƙauye a 1889, cikin gida mai 'ya'ya goma sha uku. Ciwon ido ya kama shi yana ƙarami, wanzami ya yi masa magani, idon ya tafi gaba ɗaya. Ba a zaunar da shi ba. Aka sa shi makarantar allo ya haddace Alƙur'ani, sannan yayansa ya tafi da shi Alƙahira ya shiga Azhar. Ya samu digirin digirgir a 1914, ya ƙaro karatu a Faransa, a 1950 ya zama ministan ilimi na Masar, ya tsaya tsayin daka sai karatun sakandare ya zama kyauta. Malamai da yawa sun yi sa-in-sa da shi a kan wasu ra'ayoyinsa, amma iliminsa sananne ne. Abin da nake so ki riƙe a labarin nan shi ne yayan da ya kama hannunsa ya kai shi gaban malamai. Shaihu Abdul'aziz bin Baz ma ganinsa ya ƙare yana wajen shekara ashirin, ya ci gaba da karatu har ya zama babban muftin Saudiyya daga 1993 zuwa rasuwarsa a 1999.

A nan gida, Farfesa Jibrin Isa Diso makaho ne, ya koyar a sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero ta Kano har ya kai matakin farfesa. Danlami Basharu, shi ma makaho, ya karanta shari'a, ya kai ga shugabantar kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin masu buƙata ta musamman. Duk waɗannan ba daga sama abin ya faɗo musu ba, makaranta aka kai su da wuri.

Makarantun kuwa suna nan. Ta makafi da ke Gindiri a Jihar Filato tun 1953 take aiki. A Kano akwai ta Tudun Maliki, ta gwamnati ce, tana ɗaukar makafi da kurame. Ki je ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku ki tambayi wadda ta fi kusa da ku. A can zai koyi rubutun makafi, wato Braille, ɗigo shida ne masu tudu da ake jujjuyawa su ba da kowane harafi, yana shafawa da yatsa yana karantawa. Wanda ya ƙirƙiro shi, Louis Braille, shi ma yana ɗan shekara uku ya ji rauni a ido, kuma bai wuce shekara goma sha biyar ba ya tsara rubutun. Har Alƙur'ani akwai shi da wannan rubutu. Yatsun yaro ɗan takwas sun fi na babba saurin kamawa, shi ya sa nake cewa kada a ɓata lokaci. In ya girma, wayar hannu ma tana da manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan fuskarta, irin su TalkBack, kuma tun 2017 hukumar JAMB take shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a ta daban.

Saura maigida. Shirun da ya yi alama ce zuciyarsa ba ta kwanta da maganar dangi ba. Kada ki tunkare shi a gaban 'yan'uwansa. Ki samu limamin unguwarku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, a tuna masa Abdullahi bin Ummi Maktum, makahon sahabin da Suratu Abasa ta sauka a kansa lokacin da ya zo neman ilimi. Ya zama ɗaya daga cikin ladanan Annabi (SAW), kuma Annabi ya sha barin Madina a hannunsa idan zai yi tafiya. Ki kuma sa yaron ya yi wa babansa tilawa da daddare, ya ji da kunnensa irin kan da Allah ya ba ɗansa.

TAMBAYA: Malam, shan-inna ta kama ni tun ina yaro, keken hannu nake turawa. Shekarata 22, na gama sakandare. Damatsana suna da ƙarfi, abokai suna cewa in shiga wasanni. Akwai ci gaba a ciki?
Daga wani matashi a Zariya.

AMSA: Akwai, ɗana. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 'yan wasan Nijeriya masu ƙafafu ko lambar yabo ɗaya ba su samo ba. Da aka zo gasar masu buƙata ta musamman a birnin, namu suka dawo da lambobi 13, shida na zinare. A Riyo a 2016 suka samo 12, takwas na zinare. Mafi yawansu a ɗaga nauyi ne, wanda ake yi a kwance bisa benci da ƙarfin ƙirji da damtse, irin abin da kake da shi. Yakubu Adesokan, da nauyin jikinsa bai wuce kilo 48 ba, ya ɗaga kilo 180 a Landan. Lucy Ejike, wadda ita ma shan-inna ce ta zaunar da ita, ta ci zinare sau uku. Akwai kuma ƙwallon guragu da Misbahu Lawan Didi ya assasa a 1988, ana buga ta da hannu a kan katako mai taya.

Ka je hukumar wasanni ta jiharku ka nemi mai horar da masu ɗaga nauyi, kada ka fara kai kaɗai ka ji wa kafaɗarka ciwo, don ita ce ƙafarka. Kuma gaskiya ɗaya ce, kuɗin wasa ba kullum yake zuwa ba, don haka ka haɗa da sana'a ko karatu. Aminu Ahmad Tudun Wada a Kano walda ya riƙe, yana ƙera kekunan guragu, ya koya wa 'yan'uwansa da dama. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware muku kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Ba ko'ina ake cika ta ba, amma sai mai takarda ne zai iya tsayawa ya nemi haƙƙinsa a cikinta. Ka yanki fom ɗin JAMB na bana, atisayen kuma ka riƙa yi da yamma.